Arhar Rangadin Sharm el-Sheikh: Wa Ke Biyan Cikon?

Shekarun baya in Bahaushe ya ce zai je Masar, ɗayan uku ne: karatu a Azhar, ganin likita a Alƙahira, ko saro kaya. Yanzu an samu na huɗu. Kamfanonin shirya tafiye-tafiye na Kano da Abuja suna tallar hutu a Sharm el-Sheikh, garin shaƙatawar nan da ke bakin Bahar Maliya a can ƙuryar kudancin Sinai, kuma angwaye da amare da masu iyali suna amsa kira. Ban ga laifin haka ba. Mai hali ya huta, ya ga ƙasar Allah, ai tafiya mabuɗin ilimi ce. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɗan jerin da ake liƙawa a ƙasan tallar: yawo a jirgin ruwa zuwa Ras Muhammad, tuƙa babur mai ƙafa huɗu a hamada tare da cin abincin dare wajen Larabawan Badawi, hawan Dutsen Musa da dare, kowanne a kan kuɗin da in ka ji sai ka ce kyauta ake rabawa. Na shiga waɗannan rangadi, na ga yadda ake tafiyar da su, kuma ra'ayina shi ne arhar nan ba ta gaskiya ba ce. Akwai masu biyan cikon, sai dai ba a kiransu wurin ciniki.

Sai an san garin kafin a gane zancen. Kafin yaƙin 1967 babu abin da za a kira gari a wurin, in ban da masunta 'yan tsiraru da sojojin da ke gadin mashigin ruwan Tiran. Isra'ila ta mamaye Sinai a wannan yaƙi, ta kafa ɗan matsuguni a nan, ta riƙe shi har 1982 da aka mayar wa Masar. Kusan duk otal-otal ɗin da ake gani yau jere a bakin ruwa, daga Na'ama Bay har Nabƙ, bayan haka aka gina su. Garin ba shi da kogi, ba shi da gona. Ruwan da kake wanka da shi na teku ne da aka tace gishirinsa, tumatir da shinkafar da ke farantinka a mota aka kawo su daga kwarin Nilu, mai share maka ɗaki da mai dafa maka abinci yawancinsu daga can suka zo, sun bar mata da 'ya'ya a ƙauye. Sana'ar garin ɗaya ce tak, baƙo. Ranar da baƙo ya ɗauke ƙafa, kowa ya shiga uku.

Kuma ya sha ɗaukewa. A watan Yulin 2005 bama-bamai suka kashe mutum 88 a garin. A 2011 juyin juya hali ya girgiza ƙasar baki ɗaya. Ranar 31 ga Oktoban 2015 jirgin saman da ya tashi daga Sharm ɗauke da 'yan yawon buɗe ido na Rasha ya faɗo a Sinai, mutum 224 suka mutu, babu wanda ya tsira. Birtaniya ta hana jiragenta zuwa garin sai a ƙarshen 2019, Rasha kuwa sai a 2021. Masar da ta karɓi baƙi miliyan 14.7 a 2010 ta dawo kusan miliyan 5.4 a 2016. A irin waɗannan shekaru mai jirgin ruwa da mai motar safa ba su da zaɓi, dole su karya farashi ko su rufe. Baƙi sun dawo daga baya, amma mai saye ya riga ya saba da farashin yunwa, kuma masu sayarwa sun yi yawa, kowa na tsoron in ya ɗaga na kusa da shi zai kwashe masa kasuwa.

Ga yadda kuɗin ke tafiya. Wanda ya sayar maka da tikiti, ko a teburin da ke zauren otal ko a ɗan shagon bakin titi, dillali ne, ba shi da jirgi ba shi da mota. Zai cire la'adarsa ya miƙa wa kamfani. Kamfani ya cire nasa, ya biya kuɗin shiga wurin, ya biya mai da abincin rana, ya sallami mai jirgi ko mai mota. Abin da ya saura shi ne rabon direba da matuƙi da ɗan jagora, wato mutanen da za su wuni da kai a rana ko su kwana da kai a kan dutse. In aka rage farashi daga sama, dillali ba ya rage nasa, man fetur ba ya rage nasa. Na ƙasa ake matsewa. Hanyar da kamfani ke mayar da asara kuwa biyu ce. Ta farko, a cusa mutane fiye da kima a tafiya ɗaya. Ta biyu, a tsaya da ku a shagon turare ko na takardun zane irin na zamanin Fir'auna da sunan a ɗan huta, a kawo muku shayi, a rufe ƙofa, a yi ta shafa muku turare a bayan hannu, alhali akwai kamasho a kan duk kwalbar da aka saya. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Lokacin da aka ɓata a shagon nan daga lokacin abin da ka biya don ka gani aka yanko shi.

Na fara da teku, don shi ne ba ya iya kai ƙara. Ras Muhammad shi ne ɗan tsinin ƙasar da mashigin Suwais da na Aƙaba suka haɗu a gabansa. A 1983 Masar ta keɓe shi, shi ne wurin farko da ta ba irin wannan kariya a duk ƙasar. A ƙarƙashin ruwansa akwai murjani iri sama da 200 da kifaye kusan iri 1,000. Wanda ya sa tabarau na ruwa ya leƙa ƙasa karon farko ba ya mantawa: ruwa garai-garai, kifi shuɗi da rawaya da mai zane-zane suna kai da komo a gaban hancinka, sai kuma bangon murjani ya yanke ya nutsa cikin wani shuɗi mai duhu da ido ba ya kai ƙarshensa. Mutum ya yi tasbihi ko bai shirya ba.

Abin da yawancin baƙi ba su sani ba, kuma babu mai tsayawa ya gaya musu da kyau, shi ne abin da suke gani kamar dutse rayayye ne. Ƙananan halittu ne, kowacce 'yan milimita kaɗan, suna zaune a gungu suna gina gidansu na ƙasa-ƙasa sannu a hankali. Wasu nau'o'in ba sa ƙara fiye da santimita ɗaya a shekara. Taku ɗaya na ƙaton mutum na iya karya ginin shekaru. Shi ya sa doka ta hana taɓa murjani, ta hana tsinkarsa, ta hana ba kifi abinci, ta hana jirage jefa anga a kansa, sai dai su ɗaure a igiyoyin da aka kafa don haka.

A jirgin da na shiga mun yi yawa har wasu na zaune a matakala. Da muka isa, jirage sun riga mu, kowanne yana zubo mutane cikin ruwa. Ɗan jagoranmu saurayi ne daga kudancin Masar, shi kaɗai a kan wannan taro, yana jan wata tayar roba da waɗanda ba su iya ruwa ba suka rirriƙe. Wani dattijo mai jiki, sanye da rigar da ke hana nutsewa, ruwa ya shiga tabaransa ya tsorata. Ya laluba da ƙafa ya samu wurin tsayawa, ya miƙe tsaye a kan murjani, ya cire tabarau yana gogewa, yana ɗaga wa matarsa hannu tana ɗaukarsa hoto daga jirgi. Ina kusa da shi, kaina a cikin ruwa. Na ga wani reshe ya ɓalle ƙarƙashin takalminsa ya gangara ƙasa, inda ya karye fari tas. Saurayin ya matso yana murmushi, ya ce a hankali, "Ya basha, don Allah ɗaga ƙafa." Dattijon ya gama abin da yake yi tukuna. Can gefe wata yarinya na marmasa burodin da ta ɓoyo daga otal, kifi ya taru a kanta, iyayenta na tafi.

A hanyar komawa na tambayi saurayin me ya hana shi tsawatawa. Ya ce in ya ɗaga murya baƙo zai rubuta a intanet cewa ɗan jagora ba shi da ladabi, kamfani ya kira shi, kuma tukuicin da ake jefawa a kwali a ƙarshen tafiya, wanda shi ne abin dogaronsa, ya tafi. Bai faɗa da fushi ba. Ya san dokar sarai, ya san sunan kowane kifi, ya san abin da ake ɓatawa. An ɗora shi ne a inda faɗin gaskiya zai ci masa abincin gidansa.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Yawancinmu mutanen tudu ne, ba mu tashi muna iyo a teku ba, kuma wanda bai iya ruwa ba da zarar ya ji tsoro wurin taka ƙafa yake nema. Manomin fadama ya san abin da yake ji in baƙo ya ratsa ta cikin kwamin irin albasarsa don ya gajarta hanya. To haka ne, sai dai shi irin albasa ana sake zubawa a kaka mai zuwa. Wanda bai iya iyo ba, babu kunya ya shiga jirgi mai gindin gilashi, zai ga komai yana zaune a bushe. Wanda zai shiga ruwa ya fara koyon numfashi da bututun nan a wurin wanka na otal, ya kuma nemi jirgin da ba ya cika mutane ko da ya fi tsada. 'Yan'uwa mata ma ba a bar su a baya ba, ana sayar da rigar wanka mai rufe jiki duka a garin. Masu bincike sun gano cewa murjanin arewacin Bahar Maliya ya fi na sauran tekuna jure ɗumamar ruwa, har ana sa ran ya daɗe bayan na wurare da yawa ya mutu. A garin nan aka yi babban taron sauyin yanayi na duniya a Nuwamban 2022. Zai zama abin takaici a ce abin da zafin duniya bai kashe ba tafin ƙafar masu hutu ya gama da shi.

Rangadin hamada ba zan daɗe a kansa ba, don babu abin kirki a ciki. Ana ɗaura muku rawani a fuska, ku hau babura a jere, ku yi ta shaƙar ƙurar na gabanku har ku isa wata rumfa. A kawo shayi mai ganyen habak, wanda shi kam yana da daɗi, a kawo gasasshiyar kaza, a kunna kiɗa, wani ya fito ya yi rawar tannura yana juyi da fitilu a siket. Rawar nan ta Alƙahira ce, ba ta Badawi ba. Badawin da za ka gani su ne yaron da ke jan raƙumi da ƙananan 'yan mata masu yawo da awarwaron duwatsu suna roƙon a saya. Mutanen wannan yanki 'yan ƙabilar Muzaina ne, kakanninsu sun yi kiwo da su a gaɓar nan tun kafin a aza tubalin otal na farko. Da aka zo rabon filayen bakin ruwa ga masu zuba jari, riƙon gado irin nasu da ba shi da takarda bai samu shiga ba, ayyukan otal kuma aka ɗebo ma'aikata daga nesa. A 2021 hukuma ta sanar da kammala shingen kankare da waya mai tsawon kilomita 36 da ya kewaye garin, don tsaro. Sunansu na cikin talla, su kuwa suna bayan shinge.

Inda zuciyata ta fi tsayawa shi ne Dutsen Musa, Jabal Musa a bakin mutanen wurin. Shi ne dutsen da al'adar ƙarnoni ta ɗauka a matsayin Ɗuri Sinina, inda Allah ya yi magana da Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Malamai da masana tarihi sun saɓa a kan ko shi ne ainihin wurin, kuma ni ban je da niyyar wata ibada ta musamman ba, na je ne in gani. Amma Musulmin da ya tashi yana karanta Suratu Tin da Suratu Ɗaha ba zai tsaya a gindin duwatsun nan jikinsa bai yi sanyi ba.

Tafiyar ta fi kilomita 200 daga Sharm. Ana ɗaukar mutane daga otal bayan isha'i, a ratsa shingayen jami'an tsaro, a isa gindin dutsen tsakar dare. Tsayinsa mita 2,285. Doka ce kowace tawaga ta hau da ɗan jagora daga ƙabilar Jabaliya, mutanen da suka ce asalinsu daga waɗanda Sarkin Rumawa Jastiniyan ya turo ne a ƙarni na 6 don hidimar gidan zuhudun da ke gindin dutsen, daga baya suka musulunta suka zama Larabawan wurin. Hanya biyu ce. Akwai ta raƙuma mai lanƙwasa, wadda aka share a zamanin Abbas Basha a ƙarni na 19, akwai kuma tsohuwar matakala mai hawa kusan 3,750 da 'yan zuhudu suka jera da duwatsu. Ko ta wacce ka bi, hawa 750 na ƙarshe da ƙafarka za ka yi su, raƙumi ba ya zuwa nan.

Wanda ya ja mu magidanci ne siriri, da jallabiya da tsohuwar kwat a sama, da takalmin roba. Bai kunna tocila ba, ƙafarsa ta san hanya. A kowace rumfar shayi sai ya tsaya ya ƙirga mu da yatsa, in ɗaya ya ɓace ya koma ƙasa da sauri ya taho da shi, wato shi hawan da muke yi sau ɗaya yana yin wani sashensa sau biyu. Wata baiwar Allah numfashinta ya sarƙe a matakalar ƙarshe, ta zauna tana kuka ta ce ba za ta iya ba. Ya karɓi jakarta ya rataya a kan tasa, ya miƙa mata gefen rawaninsa ta riƙe, ya riƙa hawa da ita taki ɗaya ɗaya yana cewa "shwayya shwayya", har suka kai. A saman akwai ɗan coci da ɗan masallaci kusa da juna. Sanyin wurin na shiga ƙashi, ana hayar bargo a rumfar ƙarshe, kuma mai niyyar sallar asuba a can gara ya riƙo ruwan alwalarsa. Da gari ya fara wayewa duwatsun suka fito ɗaya bayan ɗaya, jajaye, iya ganinka babu itace babu gida.

Da muka sauko aka zo sallamar wannan bawan Allah. Jagoran kamfani, wanda ya kwana a mota, ya ce duk wanda ya ga dama ya ba shi wani abu. Na ga mutanen da suka kashe kuɗin jirgin sama daga wata nahiya suna juya baya suna laluben mafi ƙanƙantar takardar fam a aljihu. Na ji wani yana cewa ai an ce komai na cikin tikiti. Mutumin ya karɓi abin da aka ba shi, ya yi godiya, ya sa a aljihu bai duba ba. Da dare zai sake hawa da wata tawagar. A nan ne arhar da aka yi mana a zauren otal ta fito fili: gwiwar wannan magidanci ce ta biya.

Sai gidan zuhudun nan na gindin dutsen, Santa Katrin, wanda saboda shi kaɗai ya isa a yi tafiyar. An gina shi tsakanin 548 da 565, kuma tun daga lokacin ba a daina ibada a cikinsa ba, abin da ya sa yake cikin mafi daɗewar irinsa a duniya. UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2002. A cikin ganuwarsa, dab da cocin, akwai masallaci da hasumiyarsa tun zamanin Faɗimiyyawa, farkon ƙarni na 12. 'Yan zuhudun suna ajiye da kwafin wata takardar amana da suka ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba magabatansu, suka ce ainihin takardar Sarki Salim na Daular Usmaniyya ya tafi da ita Istanbul a 1517. Masana na da ja a kan ingancinta, amma abin da ba a ja a kai shi ne sarakunan Musulmi sun bar wurin nan da mutanensa cikin aminci ƙarni bayan ƙarni. Taskar littattafansa na da rubuce-rubucen hannu sama da 3,000, da Girkanci da Larabci da Suryanci da wasu harsuna, kuma ana cewa in ban da ta fadar Fafaroma babu mai irin tarinta. Daga nan aka kwashi ɗaya daga cikin tsofaffin kwafin Baibul na duniya a ƙarni na 19, wanda mafi yawansa ke Landan yanzu, bayan Birtaniya ta saye shi daga Tarayyar Sobiyat a 1933 a kan fam 100,000.

Mu da muka fito daga ƙasar da zaman Musulmi da Kirista ke yawan tsami, akwai abin tsayawa a duba a wurin da hasumiya da ƙararrawar coci suka yi ƙarnoni kafaɗa da kafaɗa, kuma Musulmin Jabaliya ne ke yi wa gidan hidima. Amma rangadin arha ba ya ba ka wannan dama. Da safe kawai ake buɗe gidan, na 'yan sa'o'i. Ana shigo da ku ba barci, ƙafafu na rawa, a nuna muku bishiyar da ake dangantawa da wutar da Annabi Musa ya hango, a nuna rijiya, a ce mota na jira. Ɗakin adana kayan tarihi, inda kwafin takardar amanar yake, yana da ɗan kuɗin shiga na daban, don haka jagora ba ya ambatonsa. Shagon tsaraba da aka tsaya a hanyar komawa ya fi gidan zuhudun samun lokacinmu.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba zancen banza ba ne. Za a ce ba don arhar ba da mai matsakaicin hali bai taɓa ganin wuraren nan ba, kuma cikar jirgi da mota ita ke ba dubban 'yan Masar aiki. Gaskiya ne. Za a ce shinge da shingayen hanya ba don ƙeta aka yi su ba, jini ya zuba a garin nan, kuma baƙo ba ya zuwa inda ba ya jin aminci. Wannan ma gaskiya ne. Za a kuma ce gyaran albashi da hukunta mai taka murjani aikin gwamnatin Masar ne, ba na ɗan Kano da ya zo hutun mako ba. A nan ne na rabu da masu wannan magana. Gwamnati na da nata, amma kamfani abin da mai saye ke nema yake sayarwa. Muddin tambayarmu ta farko da ta ƙarshe ita ce nawa ne, amsar da za mu samu ita ce jirgi cike da mutane da ɗan jagora mai jiran sadaka. Kuma wanda ya iya biyan tikitin jirgi daga Najeriya ko Nijar zuwa Alƙahira, ya ƙara wani zuwa Sharm, ya kama otal, ba zai ce ɗan bambancin da ke tsakanin rangadin kirki da na cunkoso ne zai karya shi ba.

Bahaushe gwanin ciniki ne, ban kuma ce a daina ba. A tsohuwar kasuwar Sharm, kusa da Masallacin Sahabbai, ka taya fitila da gyale da dabino yadda ka ga dama, mai shago ya san inda zai ce albarka. Amma a gida ma mun san bambancin taya kaya da danne ɗan dako. Mutumin da ya hau dutse da kai cikin dare, ko ya ja ka a ruwa kana riƙe da taya, ƙarfinsa ya sayar maka, kuma ba shi da bakin cewa albarka, don an gama cinikin ba ya nan. Haƙƙinsa ka ware shi tun daga otal, ka ba shi hannu da hannu, kada ka bi ta kan jagoran kamfani.

Kuma a rage haɗama. Wanda ya cusa teku da hamada da dutse da Alƙahira cikin 'yan kwanaki zai dawo da hotuna da ciwon baya. Gara a zaɓi abu ɗaya ko biyu a yi su da natsuwa. Mai son Dutsen Musa ya je garin Santa Katrin ya kwana, akwai masaukai na mutanen wurin, ya hau da rana tsaka ya ga faɗuwar rana babu turereniya, washegari ya shiga gidan zuhudu da idonsa a buɗe. Mai ƙarfin ƙafa kuma ya nemi labarin hanyar tafiyar ƙasa ta Sinai da ƙabilun Badawi uku, Tarabin da Muzaina da Jabaliya, suka buɗe a 2015 mai tsawon kilomita 220, wadda daga baya ta kai 550 da ƙabilu takwas. A can kowace ƙabila ita ke jan baƙo a cikin ƙasarta, kuɗin kuma hannun masu ƙasar yake shiga.

Lokaci ma ba ya jira. Gwamnatin Masar na gudanar da wani gagarumin aikin gine-gine a kewayen Santa Katrin, da sababbin otal-otal da tituna, don a ninka masu zuwa, har UNESCO ta nuna damuwa a kan abin da hakan zai yi wa wurin. Baƙi za su ƙaru, namu na ciki. Don haka kirana na ƙarshe ga kamfanoninmu na gida ne, masu haɗa waɗannan tafiye-tafiye. Ku ne kuke zaɓar abokan hulɗa a Masar, ku ne kuke da bakin magana da su, don kuna kai musu mutane da yawa. Ku tambaye su mutum nawa suke zubawa a jirgi, ɗan jagora nawa ke shiga ruwa da su, nawa ake biyan Bajabaliyen da ke hawa dutse, minti nawa ake ba gidan zuhudu, shago nawa ake tsayawa. Ku rubuta amsoshin a takardar da kuke ba matafiyi, da Hausa, tare da gargaɗin kada a taka murjani kada a ba kifi burodi. In farashin ya ɗan hau saboda haka, ku gaya wa mai saye dalili, ku bar shi ya zaɓa.